Kundin Ɗalibi da Tarihin Unguwa

Duk shekara, idan zangon karatu ya zo ƙarshe, shagunan buga takardu da ke Titin Zariya da Titin Kotu a Gyaɗi-Gyaɗi sukan cika da ɗaliban ajin ƙarshe. Kowa na riƙe da babi biyar na kundin kammala digirinsa na farko, yana jiran a buga, a ɗinke, a yi masa bango mai rubutun ruwan zinariya. Da yawa daga cikinsu suna ɗaukar aikin a matsayin shingen ƙarshe da za a tsallake kafin bautar ƙasa. Tarihin ilimi a Arewa yana nuna cewa kundin ɗalibi ya taɓa zama abin da ya fi haka nauyi nesa ba kusa ba.

Tunanin cewa ɗalibi ya koyi ilimi ta hanyar nemo shi da kansa ya yi ƙarfi ne a Jami'ar Berlin, wadda aka kafa a 1810 bisa shawarar Wilhelm von Humboldt. A Arewacin Nijeriya, tunanin ya samu gindin zama bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962. A wannan shekarar ce kwalejin da aka buɗe a Kano a 1960 ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashinta, kafin ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero a 1977. Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya aza harsashin Sashen Tarihi a Zariya kuma ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970, ya dage kan cewa ba za a rubuta tarihin ƙasar nan daga rahotannin Turawan mulki kaɗai ba. Sai an koma ga rubuce-rubucen Larabci da Ajami, da kuma bakin dattawa. Wanda ya fi dacewa da zuwa wurin dattawan kuwa shi ne ɗalibin da aka haifa a cikinsu, wanda ya san harshen, ya san yadda ake durƙusawa a gaida tsoho kafin a yi masa tambaya.

Misali mafi fice daga Kano shi ne na Yusufu Yunusa. A 1975, yana ɗalibin tarihi a Zariya, ya shiga wani aikin bincike kan tarihin tattalin arziki da Paul Lovejoy da Jan Hogendorn suka jagoranta. Ya zagaya birnin Kano da garuruwan da ke kewaye da shi, har da Fanisau, yana naɗar hira da tsofaffi kan rayuwar bayi a gandayen sarauta. A 1976 ya gabatar da kundinsa kan bauta a Kano a ƙarni na 19. Lokacin ya dace ƙwarai: shekara 72 kacal ke nan da Turawa suka ci Kano a 1903, kuma sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a dokar Arewa. Saboda haka waɗanda suka ga gandu da idonsu suna raye. Waɗannan hirarraki sun shiga littafin Lovejoy da Hogendorn mai suna Slow Death for Slavery na 1993, kuma su ne ginshiƙin littafin Mohammed Bashir Salau kan Fanisau da ya fito a 2011. Da an jinkirta aikin da shekara ashirin, da an tarar kabari ya riga mai tambaya.

Haka abin yake a fagen adabi. Duk wanda ya duba littafin Graham Furniss na 1996 kan waƙa da zube da al'adun Hausa zai ga yadda ya jingina da kundayen digiri na farko daga Kano da Zariya da Sakkwato. Ɗalibai ne suka bi makaɗa da maroƙa da 'yan kama, suka naɗi muryarsu, suka juye ta a takarda.

Wannan darasi ya shafi Tarauni kai tsaye. Yankin yana wajen ganuwa, kuma yawancinsa gonaki ne da ƙauyuka kafin birni ya haɗiye shi. Sunaye irin su Darmanawa da Daurawa da Ƙauyen Alu suna ɗauke da alamar asalinsu. A ƙidayar 2006 an samu mutum sama da 220,000 a ƙaramar hukumar, kuma tun 1988 da aka kafa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda ke kan Titin Zariya, unguwannin da ke kewaye da shi suke ƙara sauya kama. Su wane ne suka fara zama a Gyaɗi-Gyaɗi? Ta wace hanya gonar gado ta zama fuloti, fuloti ya zama bene? Me ya sami manoman da aka karɓi filayensu? Amsoshin suna bakin mutanen da shekarunsu suka haura saba'in, kuma kullum ana raguwa.

Ɗalibin kimiyyar halittu ma yana da nasa rabon. Kano ba ta da teku, amma abin da ɗalibin gaɓar teku ke koyo wajen auna ruwa da ƙirga halittunsa, shi ɗan Kano ke yi a Madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da rafin Jakara, da kududdufan cikin gari. Kududdufi kan tara ruwan damina, kan kuma zama gidan sauro da dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya. Idan aka cike shi aka yi gini, bayanin da wani ɗalibi ya rubuta shekarun baya kan zurfinsa da abin da ke cikinsa yakan zama kaɗai shaidar da injiniya ko likita zai samu ranar da ambaliya ta shigo gidaje.

Abin da ya raunana wannan gado sananne ne ga duk malamin jami'a. Yawan ɗalibai ya rinjayi masu duba aiki, kuɗin fita bincike ya koma kan iyaye, intanet kuma ta sauƙaƙa sayen kundin da aka gama. Wanda aka yi da gumi ma yakan ƙare a ɗakin ajiyar sashe, inda ƙura da gara suke karanta shi.

Gyaran bai fi ƙarfin sashe guda ba. A ba ɗalibi tambaya ƙarama daga unguwarsu, wadda babu amsarta a intanet. A wajabta masa miƙa muryar da ya naɗa da alƙaluman da ya tara tare da kundin, bisa yardar waɗanda ya tattauna da su. A ɗauki hoton tsofaffin kundaye a tsara su ta yadda mai neman Tarauni zai same su. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi a yau ta fi rikodar 1975 kyawun sauti, kuma dattijon da zai ba shi labari yana zaune a ƙofar masallacin unguwarsu bayan La'asar.