Eklojait: Dutsen da Aka Raɗa wa Suna Kafin a San Asalinsa

A shekarar 1822, wadda a cikinta ya rasu, masanin ma'adinai ɗan Faransa René Just Haüy ya fitar da bugu na biyu na babban littafinsa. Limamin coci ne da ya tsallake rijiya da baya lokacin da 'yan juyin juya hali suka tsare shi a 1792, ya kuma ƙarar da rayuwarsa yana auna kusurwoyin ma'adinai. A littafin ne ya raɗa wa wani dutse suna, irin wanda ake samu a tsaunukan Saualpe na Ostiriya: kore ne shar, an yayyafa masa jajayen ƙwayoyi kamar 'ya'yan rumman. Ya kira shi eklojait, daga kalmar Girkanci mai ma'anar "zaɓi".

Hujjarsa kuwa ita ce, ma'adinan da ya saba gani a tsofaffin duwatsu babu su a wannan. Guda biyu ne suka mamaye shi, jan ganet da koren da ake kira omfasait, kamar dai sun zaɓi juna sun ware. Sunan ya yi daɗi, amma bai bayyana komai ba. Haüy ya ga baƙon aure ne kawai, bai san wanda ya ɗaura shi ba.

Sai a 1903 Friedrich Becke, wani masani ɗan Ostiriya, ya lura da abin da ya buɗe ƙofar. In aka auna sinadaran eklojait, kusan ɗaya suke da na gabro da basalt, baƙaƙen duwatsun da ke samuwa idan narkakken dutse ya daskare. Bambancin yana wajen nauyi: basalt ya ninka ruwa kusan sau 3, eklojait kuwa kusan sau 3.5. Kaya ɗaya ne aka cusa a ƙaramin mazubi, kamar audugar da aka danne aka ɗaure. Becke ya ce aikin matsi ne.

Daga nan kalmar ta sami aiki na biyu. Pentti Eskola na Finland, a 1920, ya rarraba duwatsu bisa zafi da matsin da suka sha, ya ba kowane rukuni sunan dutsen da ya fi wakiltarsa. Tun lokacin, in masani ya ce eklojait, ko dai yana nufin dutsen nan kore da ja, ko kuma yanayin da ke haifar da shi, wato zurfin da ya kai kilomita 45 ko fiye. Shi ya sa za ka ji an ce wani dutse ya kai "matakin eklojait" alhali ba shi da kore ko ɗigo. Wannan yakan rikita ɗalibai, kuma suna da gaskiya. Don a gane girman zurfin, rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa, na Kola a Rasha, bai wuce kilomita 12 da 'yan kai ba.

Abin mamaki, shi kansa Eskola, da ya yi nazarin eklojait na Norway a 1921, ya ɗauka daga narkakken dutse ya daskare kai tsaye a can ƙasa. Aka yi shekaru ana gardama: haifaffen zurfi ne, ko ɗan sama ne da ya nutse? A 1967 David Green da Ted Ringwood, a Kanbera ta Ostireliya, suka matse basalt a ɗakin gwaji suka ga ya rikiɗe ya zama eklojait. Wannan ya zo daidai lokacin da masana ke amincewa cewa ɓawon duniya faifai ne masu motsi, kuma ƙasan teku yana shigewa ƙarƙashin nahiyoyi. Sai lissafi ya fito. Basalt na ƙasan teku in ya nutse yakan zama eklojait, ya ƙara nauyi, nauyin kuma ya taimaka wajen jan sauran faifan zuwa ƙasa.

A ganina, shekarar da ta fi girgiza fagen ita ce 1984. Kafin nan an yi ittifaƙi cewa teku ne kaɗai ke nutsewa, nahiya ta cika rashin nauyi, kamar ƙwarya a kan ruwa. A shekarar Christian Chopin ya sami kosait a duwatsun Dora Maira na Italiya, David Smith kuma ya same shi a eklojait na yammacin Norway. Kosait ɗan'uwan kwaz ne, ma'adinin da ya fi yawa a yashi, sai dai ba ya samuwa sai da matsi irin na zurfin kusan kilomita 90 zuwa 100. Ya tsira ne don yana kulle cikin wasu ma'adinai masu tauri, ganet a Italiya, omfasait a Norway, waɗanda suka zame masa akwati. Ke nan gefen nahiya ya gangara can, ya kuma dawo sama. A 1990 Nikolai Sobolev da Vladislav Shatsky suka ba da labarin ƙananan ƙwayoyin daiman a duwatsun Kokchetav na Kazakistan, shaidar zurfin da ya zarce haka.

Labarin ya iso Afirka ta Yamma a 1994, lokacin da Renaud Caby ya bayyana kosait a yankin Gourma na arewacin Mali. Daga baya aka ƙiyasta shekarun duwatsun da kusan miliyan 620, abin da ya sa su cikin mafi tsufan irinsu da aka sani. Suna nuna cewa akwai teku a da tsakanin tsohuwar doron Afirka ta Yamma da ƙasashen da ke gabas da ita, tekun ya rufe, gefen nahiyar ya bi shi ƙasa. Layin wannan karo ya miƙe kudu har Togo, inda nan ma aka sami eklojait.