Da Korona Ta Tsayar da Kyamara

Mu mutanen Rano da Kibiya ba za mu manta da azumin 2020 ba. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da ɓullar korona a Kano, ranar 16 ga wata Gwamna Ganduje ya kulle gari, ranar 2 ga Mayu kuma Allah Ya yi wa Sarkin Rano, Alhaji Tafida Abubakar Ila, rasuwa. Cikin wannan alhini ba mu cika lura da wasu 'ya'yanmu da kullen ya karya ba: samarin da ke cin abinci a masana'antar fim.

Ba jarumai muke nufi ba. Muna nufin mai riƙe fitila, da mai kwalliya, da direban da ke kai mutane lokeshan, da mai tura finafinai a waya a bakin kasuwarmu. Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, akasarin aikin Kannywood da baki ake ƙulla shi. Babu albashi, babu takardar yarjejeniya. In an ɗauki fim a sallame ka, in ba a ɗauka ba sai haƙuri.

An taɓa ɗanɗana irin wannan a 2007, sa'ad da Hukumar Tace Finafinai ƙarƙashin Abubakar Rabo ta dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni. A lokacin masu hali sun kwashi kayan aiki sun koma Kaduna. A 2020 kuwa babu wurin gudu, domin an rufe iyakokin jihohi, sinimomi ma an garƙame su. Jarumi yana da suna da zai tallata haja da shi, yaron lokeshan ba shi da komai sai ƙarfinsa.

Bayan an sassauta, sai harkar ta karkata ga shirye-shirye masu dogon zango. A shekarar ce Izzar So ya fito a YouTube, Labarina na Aminu Saira kuma a Arewa24. Aiki ya dawo, amma tsarin sallama yana nan yadda yake. Har yau ƙaramin ma'aikaci ba shi da asusun da zai jingina da shi ranar da kyamara ta sake tsayawa, kuma wannan bashi ne a wuyan MOPPAN da furodusoshi.