Ibrahim Alfa: Ɗan Garkida da Ya Tuƙa Jirgin Yaƙi, Ya Mulki Ƙasar Katsina

Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun saba da rugugin jiragen yaƙi, musamman tun bayan sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. Kaɗan ne ke tuna cewa matuƙin irin waɗannan jirage ya taɓa mulkin yankin. Daga 1978 zuwa 1979, lokacin ƙasar Katsina tana cikin Jihar Kaduna, Ibrahim Mahmud Alfa ne ke riƙe da jihar, shi ne kuma ya miƙa wa Balarabe Musa mulki.

An haifi Alfa a Garkida, a Jihar Adamawa ta yau, cikin 1942. Ya yi firamare a Jimeta, sakandare a Yola. A 1963 ya shiga sahun farko na samarin da aka ɗiba domin rundunar sojan sama, alhali dokar kafa rundunar ba ta fito ba sai a 1964. Jamus ta Yamma ce ta ɗauki nauyin horon, har ma shugaban rundunar na farko, Kanar Gerhard Kahtz, Bajamushe ne. Can aka tura Alfa, ya sami muƙamin hafsa a 1966, shekarar da aka yi juyin mulki sau biyu.

Yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967, rundunar kuwa ba ta da jiragen yaƙi na kirki. Ingila da Amurka suka ƙi sayar mata, sai gwamnatin Gowon ta koma wajen Tarayyar Sobiyet. Cikin Agusta jiragen MiG-17 suka fara sauka a Kano. Masu tuƙa su ne suka yi ƙaranci, dole aka nemo Misirawa da wasu baƙi. Alfa, wanda Jamusawa suka horar, ya sake zama ɗalibi domin koyon jirgin Rasha. Ya jagoranci sashen rundunar a Benin, daga baya aka ba shi shugabancin makarantar koyon tuƙi da ke Kano.

A 1984 ya zama shugaban rundunar, yana kan kujerar aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Ya rasu a 2000.

Tarihin ƙuruciyarsa ya nuna cewa jirgi yakan iso cikin makonni, amma samar da matuƙi sai an yi shekaru. Wannan batu ya shafi manomin Faskari kai tsaye, domin matuƙin da ke shawagi a kan dajin Rugu a yau tilas ya bambance sansanin 'yan bindiga daga rugar makiyayi cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma horon da aka ba shi ne zai yanke wannan hukunci.