Bashin Shanu a Sabon Ibadan da Iyakar Ikon Kotu

Bahaushe ya ce alƙawari kaya ne, amma ba kowane kaya ne alƙali ke da ikon tilasta wa mutum ya kai shi masauki ba. Manufar wannan maƙala ita ce a duba inda ikon kotu ya tsaya a sha'anin ciniki, da kuma abin da fatake suka dogara da shi daga nan.

Alƙalan ƙasar Hausa, tun kafin zuwan Turawa, da littattafan Malikiyya suke hukunci, irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa. A wannan tafarki, mai da'awa shi ke kawo shaidu adalai, in ya rasa sai rantsuwa ta koma kan wanda ya yi musu. Ko da an sami shaidu, akwai cinikin da alƙali ba zai zartar ba, kamar wanda riba ta shiga, ko caca, ko garari, watau sayar da abin da ba a tabbatar da samuwarsa ba, kamar ɗan da ke cikin saniya. Wannan shi ne abin da Hausawa ke kira cinikin biri a sama. Shi kuwa alƙawarin baki na alheri, mashahurin zance a mazhabar shi ne ba a tilasta cika shi, sai in ya jefa wanda aka yi wa cikin wata ɗawainiya, alal misali a ce wa mutum ya nemi aure za a ranta masa sadaki, ya kuwa nema.

Iyakar nan takan gusa in mulki ya sāke. Dokar da Lugga ya kafa a 1901 ta hana cinikin bayi, saboda haka cinikin da jiya alƙali zai tabbatar, sai ga shi ya zama laifi a duk inda ikon Turawa ya kai.

Sai dai iyakar da ta fi damun falke ba ta littafi ba ce. Ita ce ta nisa da lokaci da baƙunta, kuma a kurmi aka fi ganinta. An kafa unguwar Sabo a Ibadan a 1916 domin Hausawa. A 1962 zuwa 1963 Abner Cohen ya zauna a can ya nazarci cinikin shanu, ya kuma buga sakamakonsa a 1965 da 1969. Abin da ya tarar shi ne, falke kan kawo shanu daga Arewa a sayar wa mahauta Yarabawa bashi, sai bayan 'yan makonni su biya, alhali ba takarda, ba banki, ba zuwa kotu. Dalili kuwa a fili yake. Baƙon da ba ya jin harshen gari, ba shi da rubutacciyar shaida, jarinsa kuma na jiran komawa Arewa, ina zai iya zaman jiran shari'a? Ko ya yi nasara, an riga an yanka saniyar an cinye.

Wanda ya tsaya a gurbin alƙali shi ne mai gida. Shi ke saukar da falke, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillalansa, sa'an nan ya lamunce masa kuɗin. Aikin dillali ya wuce sasanta farashi da karɓar la'ada, dole ne ya san kowane mahauci ciki da bai: nawa ake bin sa, a wurin wa, kuma yaya ya saba biya. Mahaucin da ya ƙi biya sai masu gida su haɗa baki su hana shi shanu har ya sauke nauyin. Mai gidan da ya bari dukiyar baƙonsa ta salwanta kuwa, labarinsa zai riga shi isa Arewa, baɗi ba mai sauka gidansa. A ganina kuskure ne a kira wannan tsari amana kawai, kamar yadda wasunmu kan yi don sha'awar halin mutanen da. Amana ce da ke da bulala a bayanta, bulalar kuwa ita ce rasa kasuwa.

Shi ma tsarin yana da tasa iyakar. Ba ya aiki sai in kasuwar na hannun jama'a ɗaya da ke jin maganar shugabanta, ta yadda wanda aka kora ba shi da wata ƙofar. Shi ya sa, a fahimtar Cohen, da ikon Sarkin Hausawan Sabo ya yi rauni a wajen hukuma a farkon shekarun 1950, sai mutanen unguwar suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka keɓe masallacin Juma'arsu, malamai suka zama ginshiƙin haɗin kan da bashin ya dogara a kansa. Ana iya ja da shi a kan cewa ya mai da addini bawan kasuwa, ni ma ina cikin masu ja. Amma mai gidan da ke zaman wazifa kowace rana tare da mutanen da za su ji labarin ha'incinsa, da wuya ya iya kallon idonsu in ya ci kuɗin baƙo.