Sai Masu Gida: Shekara 35 da Kafuwar Kano Pillars

A shekarar 1990 aka buɗe gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru a Najeriya, wato gasar da ɗan wasa zai ɗauki ƙwallo a matsayin sana'ar da zai ci abinci da ita. Kafin nan yawancin ƙungiyoyi na ma'aikatu ne da kamfanoni da attajirai. Ɗan wasa kan zama ma'aikaci da safe, da yamma ya ɗaura takalmi ya shiga fili. Ƙungiyoyi 16 aka fara da su, kuma manyan kudu sun riga sun shirya: Rangers ta Inugu, Stationery Stores ta Legas, Bendel Insurance ta Benin, da Iwuanyanwu Nationale ta Owerri wadda ita ce ma ta ɗauki kofin a wannan shekara. Tambayar da ta tsaya wa Kanawa a rai ita ce, wa zai tsaya wa Kano a cikin wannan taro?

Ba wai Kano baƙuwar ƙwallo ba ce. Tun 1953 tawagar Kano ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa, lokacin ana ƙarƙashin Turawa. Raccah Rovers kuma ta cinye gasar ƙasa a 1978, shekarar da ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, Pele da kansa yana cikin fili sanye da rigar baƙin. Amma kafin a kai 1990 tauraron Raccah ya dushe. Abin da ya rage su ne ƙungiyoyi masu matsakaicin ƙarfi, kowace da 'yan wasanta da magoya bayanta da girman kanta.

Nan ne Alhaji Ibrahim Galadima ya shigo. Shi ne ya jagoranci haɗe ƙungiyoyi uku su zama ɗaya: WRECA, ta hukumar nan mai gina madatsun ruwa a Jihar Kano; Kano Golden Stars; da ƙungiyar Bankin Arewa. Zamanin mulkin soja ne, Kanar Idris Garba na gwamna. Duk wanda ya taɓa shiga tsakanin ƙungiyoyin unguwa biyu da ke rigima kan riga ko kan wanda zai zama kyaftin ya san nauyin wannan aiki. A ce wa mutum ya ajiye sunan da ya yi wa gumi, ya zubar da launin rigarsa, ya koma benci saboda akwai wanda ya fi shi a ƙungiyar da jiya suke gaba da ita, wannan ba magana ce ta zama ɗaya ba. Galadima ya iya lallashi, ya kuma iya tsayawa a kan ra'ayinsa, halin da 'yan Najeriya suka ƙara sani a wurinsa bayan ya zama shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a 2002. A ganina, duk kofunan da suka zo daga baya ba su kai wannan haɗin girma ba, domin ba don shi ba da Kano ta ci gaba da raba ƙarfinta gida uku, ana cin kowace ɗaya bayan ɗaya.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai ɗan Mahuta, Bakatsine daga ƙaramar hukumar Kafur, rubuta tarihin ƙungiyar Kanawa da irin wannan ɗoki? Ai muna da tamu. Katsina United ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale sau uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, kuma ɗan Kafur ne, Gwamna Aminu Bello Masari, ya farfaɗo da ita a 2016. Ba mu raina ta ba. Sai dai mu mutanen kudancin Katsina, fuskarmu ta daɗe tana kallon Kano. Masararmu da dawarmu da waken suyarmu kasuwar Dawanau ta Kano suke nufa, ta Malumfashi da Dayi da Gwarzo. Samarinmu can suke tafiya cirani idan an gama kaka. Su ne suka riƙa dawowa da riguna masu launin rawaya da kore, da labarin yadda filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yake cika tun kafin la'asar, da kirarin nan da ya zama suna: Sai Masu Gida. Shekarun da Katsina United ta yi shiru, Pillars muke ji a rediyo. So kuwa ba ya tambayar iyakar jiha.

Farkon tafiyar ya zo da alheri. A 1991, tana da shekara ɗaya kacal, Pillars ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta da ci 3-2. Shekarun da suka biyo baya na faɗi-tashi ne, kamar yadda ya faru da kusan kowace ƙungiyar da ke jiran kuɗi daga gwamnati a wancan zamani. Babu abin da za a daɗe a kai. An dai jure, kuma 'yan kallo ba su daina zuwa ba.

Daga 2003 ne gida ya zama gida. Tun daga wannan shekara har zuwa Agustan 2015, lokacin da Nasarawa United ta zo ta yi nasara da ci 2-1, ba a doke Pillars a wasan gasa a gidanta ba: shekara 12, wasa sama da 200. 'Yan adawa sukan ce a gasar Najeriya kowa zaki ne a gidansa, kuma alƙalan wasa na jin tsoron taro. To, ai kowace ƙungiya tana da gida, tana da taro. Me ya sa babu wadda ta jera irin wannan?

Kofin farko ya zo a 2008 a hannun koci Kadiri Ikhana, mutumin da ya riga ya ɗauko wa Enyimba kofin zakarun Afirka a 2003. Heartland ce ta zo ta biyu, wato tsohuwar Iwuanyanwu Nationale da ta sake suna. Amma shekarar da dattawan majalisa ba sa gajiya da ambatonta ita ce 2009. Karon farko ke nan da Pillars ta shiga gasar zakarun Afirka, sai ƙuri'a ta haɗa ta da Al Ahly ta Masar tun kafin a kai wasannin rukuni. Al Ahly ce ke riƙe da kofin, ta ɗauke shi sau shida, tana da Mohamed Aboutrika a tsakiyar fili. Aka tashi 1-1 a Najeriya, kowa ya ce magana ta ƙare, sai dai a je Alƙahira a karɓo kashi. A Alƙahira aka tashi 2-2, kuma bisa dokar ƙwallon waje da ake amfani da ita a lokacin, Masu Gida ne suka wuce. Wanda bai san matsayin Al Ahly a Afirka ba ba zai gane abin da ya faru a daren nan ba. Ƙungiyar da shekara 19 kafin nan ma'aikatan ruwa ne da na banki, ita ce ta fitar da sarkin nahiya a gaban mutanensa.

Ba ta tsaya nan ba. A rukuni ta haɗu da manyan Sudan biyu, Al Hilal da Al Merreikh, da ZESCO United ta Zambiya, ta kuma gama a saman tebur. A zagayen kusa da na ƙarshe sai ga Heartland kuma. An sha kashi 4-0 a Owerri, aka ƙara da 1-0 a wasa na biyu. Har yau akwai masu cewa da wata ƙungiyar waje aka haɗu da ita da an wuce, domin ɗan'uwa ya fi kowa sanin lagonka. Heartland ɗin ma TP Mazembe ta Kwango ta raba ta da kofin a wasan ƙarshe.

A kakar da ta biyo baya wani yaro siriri daga Jos, Ahmed Musa, ya zuba ƙwallo 18 a gasar, ya zama wanda ya fi kowa ci, kafin VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta ɗauke shi a 2010. Daga can CSKA Moscow, sai Leicester City, sai Al Nassr. Ƙwallo biyu a ragar Ajantina a kofin duniya na 2014, biyu a ragar Iceland a 2018. Tafiyarsa ba ta karya ƙungiyar ba. A 2012 da 2013 Mohammed Baba Ganaru ya ɗauki kofin gasa sau biyu a jere, Okey Emordi ya cike na uku a 2014. Kafin nan Iwuanyanwu da Enyimba ne suka taɓa jera uku. Zamanin Gambo Mohammed ne a gaba, Shehu Abdullahi a baya da tsakiya, da Rabiu Ali, wanda Kanawa suka laƙaba wa Pele, mai bugun tazara da ke sa mai tsaron raga ya tsaya kallo. Abin da ya fi daɗi shi ne yaran Arewa ne ƙashin bayan tawagar, suna wasa kafaɗa da kafaɗa da 'yan kudu da suka zo suka zama 'yan gida, har wasu suka koyi Hausa.

A Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan hanyar zuwa Owerri wasan farko na kaka. 'Yan wasa biyar suka ji rauni, ciki har da Gambo. Masu cewa Pillars ta yi sanyi bayan 2014 sukan manta da wannan rana. Duk da haka ta sake tasowa. A 2018 ta kai wasan ƙarshe na kofin Aiteo, wato kofin ƙalubale, a Asaba, ta ci Rangers uku babu ko ɗaya, Rangers ta farke duka ta kuma yi nasara a bugun fenariti. Wannan ciwo bai daɗe ba, domin a 2019, a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, ƙarƙashin koci Ibrahim Musa, ta doke Niger Tornadoes 4-3 a fenariti bayan an tashi babu ci. Kofin ya koma Kano bayan shekara 66.

Sai 2022, wadda ba ni son tunawa, musamman da yake da ƙungiyar jiharmu abin ya haɗa. Pillars ta daɗe tana buga wasanninta na gida a Kaduna. Ranar da ta dawo Kano, a Afrilu, Katsina United ce baƙuwa, kuma wasu ɓatagari suka far wa motar baƙin. Hukumar gasa ta ci tara, ta cire maki, ta mayar da wasannin gida Abuja. Wata hatsaniyar da alƙalan wasa ta sake jawo cire maki, ƙarshen kaka kuwa ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. Abin da aka yi wa baƙi bai dace ba, amma 'yan tsiraru ne a cikin dubban da suka je kallo suka koma gida lafiya, kuma ƙungiyar da aka raba da filinta da taronta ba za a auna ta da ma'aunin sauran ba. Katsina United ma ta faɗi a wannan shekara, su biyun kuma suka dawo tare a 2023.

A daminar 2025, lokacin da ake jiran sabuwar kaka, a teburin mai shayi da ƙofar gidan kallo gardamar ba ta canza ba. A kakar 2024/2025 Remo Stars ce ta ɗauki kofi, Pillars ta ƙare a tsakiyar tebur, kuma kowa da inda yake ɗora laifi. Samari na cewa tawagar ta tsufa, Rabiu Ali ya haura arba'in, ya kamata ya ba yara wuri. Dattawa na cewa a nuna musu yaron da zai ajiye ƙwallo a gaban katanga ya ci kamar shi, sannan a yi maganar ritaya. Wasu na ganin matsalar a baya take, ana cin ƙwallo a gida ana zubar da maki a waje. Ni ina tare da waɗannan na ƙarshe. Ba a ɗaukar kofi da wasan gida kaɗai, ko a zamanin Baba Ganaru 'yan makin da aka tsinto a waje ne suka raba gardama. Dawowar Ahmed Musa da Shehu Abdullahi a 2024 ta cika filaye har a garuruwan da ba a saba cikawa ba, kuma a Yulin 2025 gwamnatin Kano ta naɗa Musa babban manajan ƙungiyar. Akwai masu tambayar yadda mutum zai zama shugaba kuma ɗan wasa, wane koci ne zai iya cire mai gidansa daga fili. Tambaya ce mai kyau. Amma mutumin da ya ga yadda ake tafiyar da ƙungiya a Rasha da Ingila da Saudiyya, ya kuma zaɓi dawowa inda ya fara, ya cancanci a ba shi lokaci.

Abin da ke damuna ya fi wannan. A Mahuta da Kafur da Malumfashi yau, yaro zai lissafa maka 'yan wasan Arsenal da Barcelona har na benci, ya biya kuɗin gidan kallo ya zauna cikin ƙarar janareta, amma bai san sunan mai tsaron ragar Pillars ko na Katsina United ba. Alhali babu wani daga Landan da zai zo filin firamare ya gan shi yana buga ƙwallo ba takalmi bayan an tashi daga gona. Tsanin da zai iya takawa yana nan kusa, shi ne wanda Shehu Abdullahi da Ahmed Musa suka taka. A yankin da zaman banza ke jefa samari cikin shaye-shaye da abin da ya fi shi muni, ƙungiyar da ke nuna wa yaro cewa ƙafarsa za ta iya ciyar da iyayensa ba abin wasa ba ce. Shi ya sa bai kamata a bar ta tana jiran sa hannun gwamna kafin a biya albashi ba. Kano na da attajiran da za su iya ɗaukar nauyinta, tana da 'yan kallon da za su sayi tikiti da riga idan sun ga inda kuɗin ke tafiya.

Roƙona ga shugabancin ƙungiyar bai wuce ɗaya ba. Idan an yi kaka, hatsi ya shiga rumbu, gasannin unguwanni sukan tashi a Funtua da Malumfashi da Bakori da ƙauyukan da ke kewaye. A turo masu duba 'yan wasa su zo su zauna a bakin fili, ko da mako guda ne. Motocin da ke kai masara Dawanau kullum suna kan wannan hanya, ba ta da nisa.