Yadda Jirgi Mai Saukar Ungulu Ya Kai Likita Bakin Titi

A shekarar 1970, mutane fiye da 19,000 suka rasu a haɗurran mota a Jamus ta Yamma. Ranar 1 ga Nuwamba ta shekarar, ƙungiyar masu motoci ta ADAC ta girke jirgi mai saukar ungulu a asibitin Harlaching da ke birnin Munich, aka raɗa masa suna Christoph 1. Sojoji sun riga kowa sanin amfanin irin wannan jirgi. A yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, ƙananan jiragen Bell H-13 ne ke kwaso waɗanda suka jikkata, a ɗaure a kan gadaje biyu daga wajen jirgin, ba mai duba su sai an sauka. Abin da aka yi a Munich ya sha bamban, domin likita ne ke shiga jirgin ya tafi inda haɗarin ya auku, kamar yadda likitan fiɗa Martin Kirschner ya nema tun 1938, cewa likita ya je wa majinyaci.

Nan ne amfanin jirgin yake, ko da yake jama'a sun fi ganin saurinsa. Wanda hanyar numfashinsa ta toshe, ko iska ta taru a ƙirjinsa ta danne huhu, ko jini ke zuba a cikinsa, mintuna kaɗan gare shi. Yana bukatar wanda zai zura masa bututun numfashi, ya huda ƙirjin ya saki iskar, ya ƙara masa jini tun yana kwance a kan kwalta. Jirgin agaji na Landan, wanda ya fara aiki a 1989, ya kai ga likitocinsa na buɗe ƙirjin wanda aka soka wa wuƙa a bakin titi, kuma tun 2012 yake tafiya da jini.

Masu suka suna da hujja, bai kuwa kamata a raina ta ba. Jirgin yana cin kuɗi, wani lokaci ana ɗauko wanda motar asibiti ma ta ishe shi, sannan shi kansa yana faɗuwa: a watan Satumba na 2008 jirgin 'yan sandan jihar Maryland ta Amurka ya faɗi da dare, mutum huɗu suka mutu, har da ɗaya daga cikin majinyatan da ya ɗauko. Sai dai waɗannan suna nuna inda ake kuskuren zaɓen wanda za a ɗauka da lokacin da za a tashi ne. Wani babban bincike da mujallar JAMA ta wallafa a 2012 ya gano cewa masu munanan raunuka da aka kai manyan cibiyoyin kula da rauni ta jirgi sun fi waɗanda aka kai ta mota samun tsira.

A lura da inda aka kai su. A Maryland ɗin, sai da likita R Adams Cowley ya kafa cibiyarsa ta masu munanan raunuka a Baltimore kafin jiragen 'yan sanda su fara kai masa majinyata a 1970. Duk hukumar da ke sha'awar sayen jirgi, ta fara tanadar ɗakin fiɗa mai aiki dare da rana, da ma'ajiyar jini, da likitocin da za su tarbi wanda aka sauke.