Kalmomin Sanskirit a Littattafan Sassaƙar Gumakan Hindu

Shilpa Shastra shi ne sunan da ake kiran tsofaffin littattafan Indiya da suka shimfiɗa ƙa'idojin sassaƙa da zane. Galibinsu da Sanskirit aka rubuta su, kuma kalmominsu ba ado ba ne, umarni ne ga masassaƙi game da yadda gunki zai kasance kafin a kafa shi a gidan bauta.

Cikin na farko-farko akwai Brihat Samhita na Varahamihira, masanin taurari na birnin Ujjain a ƙarni na 6. Awonsa ya faro ne daga paramanu, ɗan ƙurar da ake gani a hasken rana idan ya ratso taga. Ana ninka shi takwas-takwas, a bi ta kan ƙwayar ƙura, bakin gashi, ƙwan ƙwarƙwata, ƙwarƙwata da ƙwayar sha'ir. Ƙwayar sha'ir takwas ita ce angula, kimanin faɗin yatsa. Littattafan baya suka gina tsarin tala a kan wannan: angula 12, tsawon fuska ko tafin hannu. Navatala tala 9 ne, dashatala 10, mafi girmansa kuwa angula 124, wanda aka keɓe wa gumakan Brahma, Vishnu da Shiva. Wato a tsayin gunki ake karanta darajarsa.

Hannu da tsayuwa ma kowanne da sunansa. Abhaya ɗaga tafi ne alamar kariya, varada sauke shi alamar kyauta, tribhanga kuma karya jiki wuri uku. Da yawansu daga rawa aka aro su. Littafin Vishnudharmottara Purana ya kawo hirar da malami Markandeya ya shaida wa Sarki Vajra cewa ba a iya sassaƙa sai da zane, ba zane sai da rawa, ba rawa sai da kiɗa da waƙa.

Daga baya aka samu littattafan Manasara, Mayamata, da Samarangana Sutradhara da ake danganta wa Sarki Bhoja a ƙarni na 11. A 1914 T. A. Gopinatha Rao ya fara wallafa tarin waɗannan kalmomi da bayaninsu a Turance. Masu zubin tagulla na Swamimalai a jihar Tamil Nadu, waɗanda ake kira sthapati, har yau da ganyen kwakwa suke fitar da awon tala.